Saita firinta daga nesa ta Telnet

Saita firinta daga nesa shi ne mutum ya zauna gaban kwamfutarsa ya shiga cikin firintar da ke jone da netwok ya canza mata saiti, ba sai ya tashi ya je yana danne-danne a jikinta ba. Tsohuwar hanyar yin haka ita ce Telnet, hanyar tura wa na'ura umarni a rubuce ta netwok, wadda aka fara tun 1969 kuma take bi ta ƙofar netwok (port) mai lamba 23, firintocin HP masu katin JetDirect (katin da ke jona firinta da netwok) su aka fi sani da ita.

Da farko dai sai an san adireshin IP na firintar, wato lambarta a netwok, yana nan a takardar saiti da ita kanta take bugowa. In ba ta samu adireshi daga DHCP ba, wato tsarin da rauta ke raba wa na'urori adireshi da shi, tsofaffin JetDirect sukan ɗauki 192.0.0.192. Sai a rubuta telnet da adireshin, in an shiga alamar ? ce ke kawo jerin umarni, / kuma ta nuna saitin da ke kai yanzu. Yawanci abin da ke kai mutane shi ne ba ta adireshin dindindin da umarnin ip: da subnet-mask: da default-gw:, don in aka bar wa rauta tana iya sauya mata lamba wata rana, kowa a ofis ya tura aiki ya ji shiru alhali firintar lafiyarta ƙalau. A tsofaffin katuna quit ne ke ajiye canjin, exit fita kawai yake ba ajiya, nan mutane da yawa ke yin aikin banza. Kuma da zarar sabon adireshi ya hau to da shi za a sake shiga. Windows tun daga Vista Telnet a kashe yake zuwa, sai an kunna ko a ɗauko manhajar PuTTY mai yin aikin Telnet.

Matsalar Telnet tsaro. Telnet ba ya ɓoye komai, har fasuwod a fili yake wucewa duk mai leƙen netwok ɗin zai karanta, ga shi da yawan tsofaffin firintocin ba fasuwod ma suke fitowa daga kamfani, sai an sa da umarnin passwd. Shi ya sa yanzu aka fi shiga ta shafin da ke cikin firintar da burauza ta HTTPS mai ɓoye bayanai, a kashe Telnet ɗin gaba ɗaya. Wanda ya manta fasuwod kuwa sai ya je wajen firintar ya mayar da ita saitin kamfani, adireshin da komai ya goge a sake daga farko.