Waiwaye: yadda masu cutar Parkinson suka shiga binciken hoton ƙwaƙwalwa

A shekarar 1817 wani likitan birnin Landan, James Parkinson, ya wallafa bayanin mutum shida masu rawar hannu da nauyin jiki da sunkuyar da baya. Wasu daga cikinsu ma a kan titi ya hango su. Ba shi da abin auna komai sai idonsa, kuma shi kansa ya yi fatan wata rana a buɗe ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane a gano inda ɓarnar take. Fiye da shekara 50 bayan haka, Jean-Martin Charcot na birnin Paris ya raɗa wa ciwon sunan Parkinson.

An buɗe ƙwaƙwalwar kuwa, amma ta matattu. A 1912 Friedrich Lewy ya ga wasu dunƙulallun abubuwa a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mamata, a 1919 kuma Konstantin Tretiakoff ya lura cewa wani ɗan baƙin yanki can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa ya dushe. Sai a 1960, a birnin Biyena, Ehringer da Hornykiewicz suka auna dofamin, sinadarin da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, a ƙwaƙwalwar marasa lafiyan da suka rasu, suka tarar ya ragu ƙwarai. Wannan ne ya share fagen maganin lebodofa, mai cike gurbin dofamin, wanda George Cotzias ya nuna amfaninsa a 1967, wanda kuma har gobe shi ne ginshiƙin magani. Sai dai gawa ƙarshen tafiya kawai take nunawa. Yaushe ɓarnar ta fara, da wane sauri take ci, babu mai amsawa.

Na'urorin hoto ne suka sauya wannan. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mara lafiya na farko da na'urar CT a Landan a 1971, MRI ta biyo baya. Amma idan aka sa mai Parkinson a MRI ta yau da kullum, yawanci sai a ga ƙwaƙwalwa lafiya lau. Babban ci gaban ya zo a 1983, lokacin da masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka yi amfani da na'urar PET suka ga inda dofamin ke taruwa a kan mutum mai rai. Daga baya aka samu hanya mai sauƙi, wadda ake kira DaTscan, Turai ta amince da ita a 2000, Amurka a 2011. A hoton mai lafiya ana ganin haske guda biyu masu siffar waƙafi. A na mara lafiya, wutsiyar waƙafin na ɓacewa har ya koma aya, galibi gefe ɗaya kafin ɗayan.

Daga nan aka shiga neman rayayyu masu yarda su kwanta. Aikin ba ƙarami ba ne. A wasu binciken ana roƙon mutum ya dakatar da maganinsa tun daren jiya, don a ga ƙwaƙwalwar babu rufin magani, wato ya iso asibiti a lokacin da jikinsa ya fi sandarewa. A DaTscan sai an ba shi maganin kare maƙoshi, a yi masa allura mai ɗan burbushin nukiliya, ya jira awa uku ko fiye, sannan ya kwanta kusan minti 40. A MRI kuwa ana toshe masa kunne saboda ƙara, a tallafe kansa da soso, a ce kada ya motsa. A ce wa mai rawar jiki kada ya motsa! Motsi kaɗan kan ɓata hoto, sai a sake.

Kuma hoto ɗaya bai faye amfani ba. Abin da ake nema shi ne bambancin bara da bana, don haka wanda ya dawo shekara bayan shekara ya fi daraja a wurin masu bincike. A nan ne ake yawan samun rashin fahimta, domin mutane da dama kan shiga da zaton za a yi musu magani. Tun Yarjejeniyar Helsinki ta 1964 kan binciken lafiya da ake yi da mutane, ƙa'ida ce a fayyace wa mutum abin da za a yi masa, ya amince da kansa, ya kuma fita duk ranar da ya ga dama. A ganina, abin da ya fi cancanta a faɗa masa ƙarara shi ne, irin wannan hoton ba zai rage masa ciwo ba.

Hotunan ma sun taɓa rikita masana. A wani babban gwajin lebodofa da aka wallafa a 2004, waɗanda suka sha maganin sun fi samun sauƙi a jiki, amma hotonsu ya nuna kamar ɓarnar ta ƙaru. An kuma tarar da fiye da kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka hoto, duk da likitoci sun ce Parkinson ce, hotonsu ƙalau yake. Da yawa cikin irinsu daga baya aka gane wata rawar jiki ce dabam.

Saboda irin wannan ruɗani ne gidauniyar Michael J. Fox, mai tallafa wa binciken Parkinson, ta ƙaddamar da wani shirin bincike mai suna PPMI a 2010. Ana bin mutane tsawon shekaru, ana haɗa hoto da gwajin jini da ruwan laka (ruwan cikin ƙashin baya) da gwajin jin ƙamshi, bayanan kuma a buɗe suke ga masu bincike a ko'ina. A 2023, da samfurin mutum sama da 1,100, aka nuna cewa gwajin ruwan laka na iya gano gurɓataccen furotin ɗin da ke cikin dunƙulen da Lewy ya gani, a kusan kashi 88 cikin 100 na masu cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 8.5 ke da cutar a 2019, kuma har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da ita. Kafin hannu ya fara rawa, an riga an rasa babban kaso na ƙwayoyin dofamin. Shi ya sa yanzu hankali ya koma kan waɗanda ba su kamu ba tukuna amma suke cikin haɗarin kamuwa: masu rasa jin ƙamshi, masu naushi da shure-shure cikin mafarki, da masu ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado irin LRRK2. Su ma ana sa su a na'ura, ana tambayarsu tun a takardar amincewa ko suna son a gaya musu abin da aka gani.