Takardar Hoton Ƙirji Ba Ta Ajiya A Aljihu Ba Ce

'Yan'uwa na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago, abu ɗaya ke ta maimaituwa a gabanmu. Mutum ya kwana biyar da zazzaɓi da tari, numfashi ya fara nauyi, likita ya rubuta masa hoton siti-sikan (CT scan, hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka falle-falle) na ƙirji. Sai ya ninke takardar ya cusa aljihu, ya biya kemis ya sayi Ampiclox, wai ai ya yi eksire an ce ba komai. Ba a jima ba a kawo shi ranga-ranga. Haba Alhaji!

Ampiclox ba ya kashe bairos, na mura ne ko na korona. Eksire kuwa hoto ne na bai-ɗaya, zuciya da haƙarƙari na kare wani sashe. Siti na nuna huhu falle-falle, har da wani fari-fari kamar hazo da bairos ke bari, wanda eksire kan tsallake.

Huhu kashi biyar ne, uku a dama, biyu a hagu. Don auna ɓarnar da korona ta yi wa huhu, likitan hoto na ba kowanne daga cikin biyar ɗin maki daga 0 zuwa 5. Idan ɓarnar ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba, maki 1. Idan ta haura kashi 75, maki 5. Jimla 25. A lissafin da aka saba, ƙasa da 8 da sauƙi, 8 zuwa 15 matsakaici, sama da 15 ya tsananta. Da wannan, da awon oksijin na yatsa, ake sanin wanda zai koma gida da wanda za a ba gado. A korona ɓarnar kan fi muni wajen kwana 10 da fara ciwo. Kwanakin nan ne fa kuke ƙararwa da takarda a aljihu!

Na san akwai tsada, kuma rayuwar Legas ba sauƙi. To ku faɗa wa likita gaskiya a nemi mafita, kada ku ɓace.

Kada kuma mai 'yar mura ya kai kansa. A kwana biyun farko hoton na iya fitowa fes alhali ciwo na nan, kuma hasken radiyeshin da yake ratsa jiki da shi, wanda yawansa ke da illa, ya ninka na eksire sau da yawa. Ba ya faɗin wane bairos ne, wannan aikin gwajin hanci ne.

Ranar hoto:
- ku sa takunkumi, ku zo da tsohon eksire
- a cire sarƙa da duk wani ƙarfe a ƙirji
- Hajiya, in akwai ciki ko ana zato, ki faɗa tun kafin ki kwanta
- in za a yi allurar ruwan da ke sa hoto ya fito sosai, mai ciwon ƙoda ya sanar
- in an ce riƙe numfashi, a riƙe na 'yan daƙiƙu, motsi na ɓata hoto

Wanda oksijin ɗinsa ya sauka ƙasa da 90, ko ya kasa ƙarasa magana don haki, ba ya jiran gobe. A kai shi sashen gaggawa nan take, ko cikin dare ne.