Firesha: Kalmar da Ke Kashe Boila

"Firesha ce ta sauka." Da zarar hunturu ya kama, amsar da baƙo ke samu ke nan a otal idan ya yi ƙorafin ruwan wanka ya ƙi zafi. Manaja na faɗa, falamba na faɗa, mai gadi ma na faɗa, kai har ɗan siyasa in ya janye takara sai ka ji a rediyo wai firesha aka yi masa. Ta 'yan siyasa dai su suka san ta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cakuɗa firesha iri biyu a ɗakin boila, wato injin dumama ruwa, alhali ba abin da ya haɗa su, kuma wannan cakuɗawar dukiyar mutane take cinyewa.

Ta farko ita ce ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi a famfo ko shawa. Wannan tsayin tankin sama ne ke ba da ita, ko injin tura ruwa: duk tsayin mita 10 yana ba da kusan bar 1 (bar shi ne ma'aunin firesha). Idan shawa tana ɗigo kamar tana jin kunya, a je a duba tanki da bututu, boila ba ta da laifi.

Ta biyu ita ce wadda allurar geji ke nunawa a jikin boila. A yawancin manyan boilolin otal da asibiti, ruwan da ke cikin boila ba shi kake wanka da shi ba. A kulle yake cikin bututu, yana fita da zafi, ya ratsa wani naɗaɗɗen bututu a cikin tankin ajiya ya dumama ruwan wanka, sannan ya koma wa wuta. Ruwa ɗaya ne ke ta wannan zagaye shekara da shekaru. Kuma duk da sunanta, wannan boila ba tafasa ruwa take yi ba. Digiri 70 zuwa 80 ne wurin aikinta. A ginin da ba shi da tsayi sosai, geji kan tsaya tsakanin bar 1 da 1.5 idan ruwan ya huce. In ya faɗi ƙasa sosai sai na'urar tsaro ta kashe wutar. Masu otal sukan ce boila ta lalace, nan kuwa kanta ta ceta.

To ruwan da ke a kulle, ina ya tafi har allura ta faɗi? Tambayar da ba a yi ke nan. Sai yaron da ke kula da ɗakin ya murɗa bawul ya ƙara ruwa, allura ta hau, wuta ta kama, oga ya sa masa albarka. Gobe a sake. Wannan shi wasu ke kira "sabis".

Ko dai akwai yoyo a wani wuri, ko kuma, kamar yadda aka fi samu, laifin wani ɗan tanki ne da ke gefe, galibi ja, wanda ba wanda ke waiwayarsa. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi: daga sanyi zuwa digiri 80 yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100, wato lita 1,000 za ta haifi kusan lita 30, kuma ruwa ba ya matsuwa. Aikin jan tankin nan shi ne karɓar wannan rarar. A cikinsa akwai roba da ta raba shi biyu, ruwa a gefe ɗaya, iska a ɗaya gefen. Idan iskar ta zurare ko robar ta yage, rarar ba ta da wurin zuwa. Sai allura ta yi ta hawa har bawul ɗin tsaro, wanda a ƙananan boiloli a bar 3 yake buɗewa, ya zubar da ruwa waje. Da dare wuta ta mutu, ruwa ya huce ya koma girmansa, amma an riga an yi asarar wanda ya zube. Da asuba allura na ƙasa, yaro ya zo ya ƙara.

Duk ƙarin nan guba ne. Sabon ruwa yana shigowa da iskar oksijin, ita kuma tsatsa take haifarwa daga ciki, har ruwan ya koma baƙin taɓo mai toshe injin zagaya ruwa. Idan kuma ruwan rijiyar burtsatse ne mai gishirin kalsiyam, yana barin farin ɓawo a jikin ƙarfen da wuta ke duka, irin wanda ake gani a gindin butar shayi da ta tsufa. Ɓawon nan yana tare zafi. Gas ko dizal na ƙonewa, ruwa bai yi zafi yadda ya kamata ba, ƙarfe kuwa yana gasuwa, ruwan da ya maƙale ƙarƙashin ɓawon yana tafasa yana fashewa. Gurnani da ƙwanƙwasar da ake ji daga boila ke nan, wanda wasu ke ɗauka alamar tana aiki da ƙarfi ce. Ƙarshensa ƙarfen ya tsage, gyaran da bai wuce a ba tanki iska ba ya koma sayen sabuwa.

Gane matsalar ba wuya. Jan tankin yana da ɗan bawul irin na tayar mota. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai danna shi: in iska ta fito, sai a sauke ruwan a auna ta a cika, in ruwa ya fito, robar ta yage, sai canji.

Wanda ba na iya yi wa uzuri shi ne gwanin da zai ga bawul ɗin tsaro na ɗiga ya nemo abu ya toshe shi, wai ya tsayar da yoyo. Ruwan da aka kulle yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, amma da zarar ya samu kafa sai wani ɓangarensa ya rikiɗe tururi nan take, girmansa ya ninka kusan sau 1,600. A 1905, boilar tururi ta fashe a masana'antar takalma ta Grover da ke Brockton a Amurka, mutum 58 suka mutu. Irin wannan bala'i ne ya tilasta rubuta dokokin ƙera boila. Bawul ɗin da ake toshewa da tsumma yana cikin abubuwan da dokokin suka wajabta.

Mai otal da ke son sanin gaskiyar boilarsa, ya sa a riƙa rubuta abin da geji ya nuna da asuba kafin a kunna, da kuma bayan ta yi zafi, har mako guda ba tare da an ƙara ruwa ba. Ɗan hawa kaɗan da dawowa inda take, lafiya ce. Hawa da yawa da zafi, faɗuwa da sanyi, jan tanki ne. In kuwa allura tana ta sauka a hankali ko an kunna ko ba a kunna ba, yoyo ne, sai a bi bututu a nemo inda bango ko ƙasa ta jiƙe.