Idan Aka Tambaye Ku Batun Abinci a Asibiti, Ku Faɗi Gaskiya

Mai ciwon suga ko hawan jini ya saba jin shawara iri ɗaya a asibiti, wato ya rage gishiri da zaƙi, ya yawaita cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade aƙalla giram 400 na waɗannan a kowace rana ga babban mutum, gishiri kuwa kada ya kai giram 5. Shawarar daidai take, sai dai ba ta amfanar wanda ba shi da halin sayen abin da aka ce ya ci.

Wannan ne ya sa wasu asibitoci suka shigo da abinci cikin aikin jinya. A Amurka, asibitin Boston Medical Center ya buɗe rumbun abinci tun 2001, inda likita ke rubuta wa majinyaci takarda ya je ya karɓo abincin da ya dace da ciwonsa, kamar yadda zai karɓi magani. Wasu asibitocin kati suke bayarwa na sayen kayan lambu, wasu kuma suna kai dafaffen abinci har gida ga wanda ciwo ya kwantar.

Kafin a sa mutum cikin shirin, akan yi masa tambayoyi biyu: shin a watanni 12 da suka wuce ya taɓa fargabar abinci zai ƙare kafin ya samu kuɗin sayen wani, kuma shin ya taɓa ƙarewar, ya rasa na sayowa? A nan ne mu ma'aikatan lafiya muka fi shan wahala, domin kunya tana sa mutane da yawa su ce lafiya lau. Ɓoyewar tana da haɗari, musamman ga mai ciwon suga da ke yin allurar insulin mai saukar da suga, wanda in ya yi allura bai ci abinci ba sugansa na iya faɗuwa ya fara rawar jiki da gumi, har ya suma. Likitan da ya san halin da ake ciki zai daidaita maganin.

Kada kuma a ɗauka abincin ya maye gurbin magani. Wani gwaji da aka yi a kan shirin ba da abinci na asibitocin Geisinger da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2023, ya nuna sugan masu karɓar abincin bai sauka fiye da na waɗanda ba su karɓa ba. Don haka a ci gaba da shan magani da zuwa gwajin jini a kan lokaci, ko da an shiga shirin.