Taragun fasinja na ƙaramin jirgin ƙasa: ga amsoshin, dan Allah a huta da tambaya

Tambayoyin nan kan taragun jirgin ƙasa na wasa, mai kwaikwayon na gaske, dai su ne kullum, wani ya yi yau gobe wani ya sake yi kamar ba a taɓa amsawa ba. To ga su a wuri ɗaya.

Na sayo tarago ya hau layin daidai amma ya fi kan jirgin girma, me ya faru?

Ka haɗa OO da HO ne, wato awon girma iri biyu na waɗannan ƙananan jiragen. HO awonsa 1:87, OO na Ingila 1:76, amma faɗin layinsu ɗaya ne, milimita 16.5, shi ya sa ya hau. Ka riƙa karanta kwali kafin ka biya kuɗi.

Taragon N zai hau layin HO?

A'a. N ƙaramin awo ne, faɗin layinsa milimita 9 ne.

Dogon tarago irin na gaske zai iya shan kwanar layina?

Wannan ce tambayar da ya kamata ku fara yi, amma sai kun kashe kuɗi jirgi ya kife sannan ake nemana. Amsar ita ce ya danganta, kuma ya danganta da abubuwa da yawa. Cikakken taragon fasinja na Amurka ƙafa 85 ne, a HO ya kusa santimita 30, na Turai mai mita 26.4 shi ma yana kai milimita 303. Layin da ke zuwa cikin kwalin masu fara koyo kuwa yawanci kwanarsa inci 18 ce daga tsakiyar da'ira zuwa layi, dogon tarago a kanta kamar tirela ce a lungun cikin gari. Wani taragon zai wuce, musamman idan ƙugiyar da ke haɗa shi da na gaba tana jikin ƙafafun ne tana juyawa tare da su, amma idan a jikin taragon aka ɗaure ta to a kwana za ta ja na bayansa gefe, ka ji ƙas, taya ta sauka. Kuma ko ya wuce ɗin ka sunkuya ka kalle shi daidai tsayin ido: cikinsa ya leƙo ta cikin kwana har kana ganin layi a waje, goshinsa ya fita ta ɗaya gefen, ƙofar da fasinja ke bi zuwa tarago na gaba ta kauce wa 'yar uwarta gaba ɗaya. In akwai dandamalin tasha ko wani layi kusa sai ya goga.

Ni dai abin da nake cewa, inci 24 ne mafi ƙaranci, inci 30 zuwa sama ne yake fara kyaun gani, amma ba zan rantse maka ba don kowane kamfani da yadda yake ƙera ƙasan taragonsa, wasu na Turai suna da 'yar dabara da ke tura ƙugiya waje a kwana ta dawo da ita a miƙe, irin waɗannan suna jure matsi fiye da yadda za ka zata. Sannan ka tuna falle ɗaya na filawud, katakon da ake shimfiɗa layi a kai, ƙafa 4 ne faɗinsa, kwanar inci 24 ba za ta zagaya a kai ba, inci 22 ce iyaka, ita ma tana bakin gaɓa. In wurinka ke nan kar ka damu, ba abin kunya ba ne, akwai gajeru masu ƙafa 60 ko 72, kuma kamfanin Märklin na Jamus sun daɗe suna rage tsawon nasu da gangan saboda wannan matsalar. Abu ɗaya da babu ya danganta a cikinsa: kwana dama ta bi kwana hagu kai tsaye, wannan kam sai ka sa miƙaƙƙen layi tsakani, aƙalla tsawon tarago ɗaya. Ka sayi guda biyu tukuna ka gwada gaba da baya, turawa baya ce ke tona asiri.

Na ɗora taragon Märklin komai ya mutu.

Ba abin da ya ƙone tukuna, sauke shi. Tayoyinsu na tsarin layi uku ne, a layi biyu suna haɗa wuta. Canza tayoyin.

Dole ne wai sai zamaninsu ya zo ɗaya da kan jirgi?

Jirginka ne malam, ka ja abin da kake so. Amma in kana son ya yi kama da na gaske, to kar ka ɗaura taragun Amtrak, kamfanin jirgin fasinja na Amurka, bayan kan jirgi mai gawayi, Amtrak sai 1971 aka kafa ta, masu benen nan Superliner sai 1979. Masu sheƙin azurfa daga 1934 suka fara yawo, kafin nan masu nauyi ne korra irin na kamfanin Pullman. A Ingila samfurin taragon Mark 1 ya fito 1951, fenti ja da ruwan madara, daga 1956 aka koma ja mai duhu, shuɗi da toka kuma sai tsakiyar shekarun 1960. Kuma ku daina jera taragu iri ɗaya sak guda takwas, jirgi na dogon zango yana da na kaya, na cin abinci, na kwana.

Yana ta sauka daga layi ko a miƙe.

Ɗora shi a sikeli. Ƙa'idar nauyi ta NMRA, ƙungiyar masu wannan harka ta Amurka, a HO oza 1 ce, a ƙara rabin oza kan kowane inci, wato mai inci 12 ya kai wajen giram 200. Manna ƙarfe a ƙasa can ciki, ba a rufi ba.

Ina zan samu taragun jirgin Kano zuwa Legas?

Manyan kamfanonin ba sa yin su. Kuma tsohon layin namu milimita 1,067 ne, ya fi layin da HO ke kwaikwayo ƙanƙanta, in kana son daidai sai ka yi jikin HO a kan layi mai milimita 12, aikin hannu ne sosai. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe 2016 ya fi sauƙi tunda milimita 1,435 ne, irin wanda HO ke kwaikwayo, kuma daga China aka kawo taragun, kana iya neman na China a HO ka sake fenti.

Fitila a ciki fa?

Sa 'yan mutum-mutumin fasinja tukuna. Tarago mai haske ba kowa a kujera ya fi mai duhu muni, kuma in kansu ya taɓa rufi yanke ƙafafun, ta taga ba mai gani.