Dokar Hana Auren Jinsi da wuraren shaƙatawar dare: abin da sashe na 4 da na 5 suka ce

A birnin New York na Amurka akwai wata mashaya mai suna Henrietta Hudson, wadda aka buɗe a 1991 domin mata masu neman mata 'yan uwansu. A Seattle ma akwai Wildrose tun 1984. Wuraren nan suna da lasisi, suna biyan haraji, kuma babbar damuwar masu su ita ce tsadar haya da ƙarancin ciniki, wanda ya sa irinsu da dama suka rufe a Amurka. Wanda ya buɗe irin wannan wuri a Legas ko Abuja kuwa, shekara 10 a gidan yari wata dokar Najeriya ta 2013 ta tanadar masa. Wanda ya shiga ya zauna ma haka.

Mutane da yawa ba su san da wannan ba, domin sunan dokar aure kawai ya ambata. Dokar Hana Auren Jinsi ta 2013 ce, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 7 ga Janairu, 2014. Gajeriyar doka ce, amma hannunta ya wuce ɗaurin aure nesa ba kusa ba.

Maganar auren ba ta da wuyar fahimta. Sashe na 1 zuwa na 3 sun ce auren namiji da mace kaɗai Najeriya ta sani, ba za a ɗaura na jinsi ɗaya a masallaci ko coci ko wani wurin ibada ba, kuma takardar irin wannan aure da aka samo daga wata ƙasa ba ta da amfani a nan. Waɗanda suka yi auren, hukuncinsu ɗaurin shekara 14.

Sashe na 4 ne ya shafi wuraren taruwa. Ya hana yi wa kulob ko ƙungiyar masu neman jinsi rajista, ya hana ɗaukar nauyinsu, ya hana taronsu da jerin gwanonsu. Ya kuma hana nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a, kai tsaye ko a kaikaice. Sai sashe na 5 ya zo da hukunci: shekara 10 ga wanda ya yi rajistar irin wannan kulob, ko ya gudanar da shi, ko ya shiga harkarsa, da wanda ya nuna soyayyar a fili. Wanda ya halarci ɗaurin auren a matsayin shaida, ko ya taimaka, ko ya goyi bayan kulob ɗin ko taronsa, shi ma shekara 10 ne. Ke nan ba sai an kama mutum yana aikata wani abu da jikinsa ba. Mai otal da ya ba da hayar zaure, da wanda ya tara kuɗin taro, duk ana iya cewa sun goyi baya.

A nan ne dokar ta fi ba ni tsoro. Ba ta fayyace mene ne kulob ɗin masu neman jinsi ba, ba ta kuma faɗi abin da take nufi da nuna soyayya a kaikaice ba. A ƙasar Hausa mata kan yi shagalinsu su kaɗai, ranar kamu da ranar sa lalle da wunin suna. Ƙawaye kan riƙe hannun juna a hanya, ɗalibai mata kan haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya. Babu mai hankalin da zai kira waɗannan laifi. Amma idan doka ta bar ma'ana a buɗe, jami'in da ya zo kame shi ne ke cike gurbin da abin da ya ga dama, sau da yawa bisa tsegumin maƙwabci ko ƙarar wanda ke da jiƙaƙƙiya da mutum.

Shari'ar Egbeda ta nuna yadda abin kan kasance. A watan Agusta na 2018 'yan sanda suka kai samame wani otal a unguwar Egbeda ta Legas, suka kama maza 57, suka nuna su a gaban 'yan jarida. Waɗanda aka kama sun ce bikin zagayowar ranar haihuwa suka je. Daga baya aka gurfanar da 47 daga cikinsu bisa tuhumar nuna soyayyar jinsi a bainar jama'a. Aka yi ta ɗage zama, masu gabatar da ƙara suna kasa kawo shaidu, har a watan Oktoba na 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ya kori ƙarar saboda sakacin masu gabatar da ita. Korar ƙara ba wankewa ba ce, ana iya sake tayar da ita. Kafin a kai wannan rana fuskokinsu sun zagaya talabijin da intanet, wasu sun rasa aiki, wasu danginsu sun juya musu baya, alhali kotu ba ta samu ko ɗaya da laifi ba. Ko wane irin ra'ayi mutum yake da shi kan luwaɗi da maɗigo, hukunta mutum kafin alƙali ya saurare shi zalunci ne.

Samamen bai tsaya nan ba. A watan Disamba na 2022 Hisbah ta kama mutum 19 a Kano bisa zargin taron auren jinsi. A watan Oktoba na 2023 jami'an Sibil Difens suka kama mutum 76 a Gombe, 17 daga cikinsu mata.

Ko dokar ta shafi mata? Ta shafe su. Wata 'yar fafutuka, Pamela Adie, ta nemi hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta yi wa ƙungiyarta rajista da suna mai ɗauke da kalmar 'yan maɗigo, hukumar ta ƙi. Ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja, inda a watan Nuwamba na 2018 Mai Shari'a Nnamdi Dimgba ya goyi bayan hukumar, yana dogaro da sashe na 4. Sunan ƙungiya ma bai samu shiga ba, balle lasisin mashaya.

A Arewa kuma akwai ƙarin doka a kan wannan. Jihohi 12 da suka ƙaddamar da Shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, da dama cikinsu suna da kundin hukunta laifuka da ya ambaci maɗigo da sunansa. A Zamfara hukuncinsa bulala har 50 da ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida, wasu jihohin sun tsananta fiye da haka. Waɗannan dokoki Musulmi suke hawa kansu, a kotunan Shari'a. Ita kuwa dokar tarayya ta 2013 ba ruwanta da addinin mutum, kuma sashe na 6 ya ce Babbar Kotun Jiha ko ta Abuja ce ke da hurumin sauraron ƙararrakinta.

Akwai abubuwan da dokar ba ta ba kowa izini ba, kuma ya kamata a riƙa faɗar su da ƙarfi. Ba ta ba matasan unguwa ikon dukan kowa ba. Ba ta halatta wa wani ya karɓi kuɗi a hannun mace da barazanar tona mata asiri ba, wannan ƙwace ne, kuma laifi ne mai zaman kansa. Wanda aka kama yana nan da haƙƙinsa na tsarin mulkin 1999. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko wani lokaci fiye da haka da kotu ta ga ya dace. Sashe na 36 ya ce ba shi da laifi sai an tabbatar. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta dukan wanda ake tsare da shi don ya amsa laifi, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama uwa ko ƙanwa a madadin wadda ake nema.

Saura tambayar matafiya: idan 'yar Najeriya ta shiga irin wannan mashaya a Landan ko New York, dokar za ta bi ta can? Laifukan kulob da na nuna soyayya da ke sashe na 5 an ɗaure su da kalmomin "a Najeriya", don haka abin da aka yi a ƙasar da ta halatta shi bai faɗo ƙarƙashinsu ba. Sai dai hoto ko bidiyon da aka ɗora a Facebook ko TikTok yakan riga mai shi isowa gida, kuma an ga yadda tsegumi kaɗai ke jawo samame. Takardar aure daga Afirka ta Kudu, wadda ta halatta auren jinsi a 2006, ko daga Amurka, wadda Kotun Ƙolinta ta halatta shi a 2015, ba za ta ba mai ita matsayin matar aure a gaban kowace kotun Najeriya ba.