Ga 'yan uwana ma'aikatan jinya masu shan taba

Duk wanda ya yi aikin dare a asibiti ya san yadda ƙarfe uku na dare take. Gajiya ta kai wuya, barci na fizga, sai abokin aiki ya ce bari ya ɗan sha iska. Zai dawo yana tauna cingam, ya wanke hannu tas, amma warin sigari na nan maƙale a wuyan rigarsa da gashinsa. Da wannan rigar zai rungumi jariri, da ita zai sunkuya kan yaro mai asma.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da taba ke sa mu yi. Dattijo ya taso daga unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi da hawan jini, kana ɗaura masa abin awo a hannu. Nan ne ya kamata ka ce, "Baba, har yanzu ana taɓa sigarin?" Nas mai sha sai bakinsa ya yi nauyi, ya rubuta lamba, ya kira na gaba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna ma'aikatan lafiya masu shan taba ba su cika ba marasa lafiya shawarar dainawa ba, alhali 'yar gajeriyar shawara daga bakinmu tana taimaka wa mutane su daina. A zangon Kumasi kuwa kowa ya san kowa. Yaron da ya gan ka a wurin shisha daren Asabar ba zai saurare ka ranar Litinin ba. Shisha ma taba ce, ruwan kwalbar ba ya tace gubar.

Dokar Lafiyar Jama'a ta Gana ta 2012, mai lamba 851, ta hana shan taba a wuraren jama'a, har da asibitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara.

Na san nikotin, sinadarin cikin taba mai sa jaraba, ba ya sakin mutum da daɗin rai, kuma gori ba ya maganinsa. Ka tsai da ranar dainawa, ka gaya wa wanda kuke aikin dare tare, ka nemi likita kan maganin rage ƙishirwar taba. In sha'awar ta taso, 'yan mintuna take yi ta lafa, ka sha ruwa ka zaga ɗakin. Shekara guda da dainawa, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Shugabannin sashe, don Allah ku tsara hutun dare na gaskiya, kuma in wani ya zo muku da maganar daina taba ku rufa masa asiri.